Gutsuren Waina a Bakin Kogin Madurai

Tun da na dawo daga Indiya ban sha ruwa da daɗi ba. Duk wadda ta zo sannu da zuwa sai ta gyara zama ta ce, "Hajiya Kande, yaya ƙasar take? Da gaske a kan titi suke rawa?" Na faɗa a falo, na faɗa a Islamiyya, na faɗa a waya har kunnena ya yi zafi. Shi ya sa na zaunar da 'yata na ce ta ɗauko biro ta rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta a bar ni in huta. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma a kan magana ban taɓa zuwa aro gidan kowa ba. Na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini zance. Sunanta ba zai fito daga bakina ba, don ita ce ta fari, ita ce kuma auta. A ma'aikatarsu Madam suke ce mata, to ni ma Madam zan ce.

Ga abin da ya kai ni. Shekara da shekaru ina tuyar waina a tashar Jabi, tun muna haya a Mpape, tun Abuja ba ta san kanta ba. Zama gaban tanda a kan 'yar kujera shi ya cinye mini gwiwar dama. Da wainar nan na yi wa Madam karatu. Da aiki ya yi albarka, lokacin nan da arziki ya shigo gari kowa yana hawa jirgi kamar motar Suleja, sai ta ce za ta kai ni a sa mini sabuwar gwiwa.

Ranar da na je sallama a Islamiyyarmu ta Apo, Hajiya Laraba na nan. Ita ce mai ƙosan da ke gefena a Jabi, mun tsufa muna ƙwacen masu saye. Ta dube ni ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Kande. Sai dai duk wanda na sani da aka kai Indiya, a keke aka turo shi. Zan zo filin jirgi in taya tura ki."

Na ce, "Ki zo, Laraba, ki taho da tabarau. In ba da ƙafata na fito ba, a canja mini suna."

A gaban mata na faɗa, har malama ta ji. Ku riƙe wannan maganar, don ita ta bi ni har can.

Tun kafin mu tashi aka fara raina ni. Wai sai an ɗiga mini maganin shan inna a baki, irin na jarirai, in ba haka ba ba za su bar ni in shiga ƙasarsu ba. Mai ɗigawa ta ce, "Mama, buɗe baki, ce aaa." Na ce, "'Yar nan, na haifi wadda ta girme ki." Na dai buɗe.

Muka sauka Habasha, muka canja jirgi, muka yi ta tafiya har na ce wa Madam ta tambayi direba ko ya ɓata. A filin jirgin Indiya wani kare ya zo ya tsaya a kan jakata ya ƙi gaba. Ma'aikaci ya buɗe. Kilishi ya riƙe, amma da ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci, da kansa ya ɗaure ya mayar mini da sauri. Na yi masa alama da hannu, in wuce? Sai ya kaɗa kai gefe da gefe. Na ajiye jaka. Na sake tambaya, ya sake kaɗawa yana murmushi. Har na fara faɗa masa wace ce ni, sai Madam ta ce, "Inna, cewa yake ki tafi. Haka suke cewa e." Na ce to in za su ce a'a kuma da me suke yi, da ƙafa?

Daga nan jirgin ƙasa muka shiga zuwa wani gari can kudu, Madurai. Mutanen wajen baƙaƙe ne kamarmu, wasu ma sun fi ni. Na yi ta dubawa ko zan ga farare masu rawar nan, ban ga ko ɗaya ba. Wata mata da ke fuskantarmu ta shimfiɗa ganyen ayaba a cinya ta zuba shinkafa, ta miƙo mini. Na ce wa Madam, "Allah sarki, ba su da kwano." Ashe a wurinsu ganyen shi ne karramawa.

Masaukinmu gidan wata mata ce, Kamala, wadda ke ba masu jinya hayar ɗaki kusa da asibiti. Mace mai tsafta da fara'a, kuma tana jin Turanci. Kullum da sassafe sai ta share ƙofar gida ta yayyafa ruwa, ta ɗebo garin shinkafa ta yi zane a ƙasa kamar na lalle. Na ce wannan ɓarna har ina? Ta ce ado ne, kuma abincin tururuwa ne. Mu muna neman maganin tururuwa, su suna yi mata kalaci. Nama kuwa ba ya shiga gidan. Komai shinkafa ne, komai da tsami, komai da kwakwa. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ina jin kiran salla daga wani masallaci a bayan layi.

Aka yi aiki lafiya. Abin da ba a gaya mini ba tun a Abuja shi ne, yanka shi ne mai sauƙi. Bayan an ɗinke sai an lanƙwasa gwiwar kullum, sai an taka ta. Suka ba ni wani ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, na sa masa suna Jaki. Ranar farko da na taka, na ga taurari da rana tsaka. Na koma gado na ce gara haihuwa. Madam ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi mini Turanci, na juya mata baya. Likita ya zo ya ce ta gaya mini a fili: in ban lanƙwasa ta a 'yan makonnin nan ba, za ta ƙage, kuma ba mai sake buɗe ta. Na kwanta ina kallon silin, ina ganin fuskar Laraba a jiki, da tabarau.

A barandar gidan akwai wata 'yar tsohuwa, surukar Kamala. Kowa Pati yake ce mata, wato kaka. Ba ta fi tsawon muciya ba, ba haƙori ko ɗaya, fatar kunnenta ta zazzago saboda nauyin 'yan kunne. Tana wuni tana kitsa fararen furanni a zare, irin waɗanda matansu ke sawa a gashi. Daga barandar ana hango babban ɗakin bautar garin, da hasumiyoyi dogaye, jikinsu cike da gumaka masu launi, kamar an kwashe kasuwar Wuse an jera a tsaye. Wata rana da aka fito da ni shan iska na nuna da baki na ce, "Su waye duk waɗannan?"

Madam ta tambayi Kamala da Turanci, Kamala ta tambayi tsohuwa da yarensu. Pati ta ajiye zare. Tun daga yadda ta gyara zama ta share maƙogwaro na san na gamu da 'yar sana'a. Sai na kama bakin zanena na ƙulle, don a garinmu ba a tatsuniya da rana, in kuwa ta kama dole sai an yi ƙulli, kada mutum ya ɓata a hanya. Ni kuwa ga ni a ƙasar mutane.

Ta ce a da can an yi wani sarki a garin nan da bai da haihuwa. Ya yi ta roƙo, ya hura wutar hadaya, sai ga yarinya ta fito daga cikin wutar da ƙafarta, kyakkyawa, mai idon kifi. Na ce, "Idon kifi? A wurinmu ai zagi ne." Pati ta ce kifi ba ya rufe ido, haka ita ma ba ta rufe ido a kan mutanen garinta. Sai dai yarinyar da nono uku ta zo. Hankalin sarki ya tashi, sai aka ji murya ta ce ya rene ta kamar ɗa namiji, ranar da ta ga mijinta na ukun zai ɓace. Ta girma ta hau mulki, ta ɗauki takobi ta ci gabas ta ci yamma, har ta kai wani dutse mai ƙanƙara can arewa, inda babban abin bautarsu yake zaune, wanda suke ce wa Shiba. Ta zare takobi, shi kuma ya fito.

Nan Pati ta tattara furanninta ta miƙe. Wai iska ta fi daɗi a bakin ƙofar gida.

Na ce, "Ya fito sai me?" Ko waiwaye. Na ce wa Madam ta kira ta. Kamala ta ce in dai Pati ta zauna a bakin ƙofa, sai dai a same ta can. Na zauna na cije. Na sake cijewa. Sai na ce, "Miƙo mini Jaki."

Da zufa da salati na isa. Tana ganina ta ci gaba kamar ba a yi komai ba: suna haɗa ido na ukun ya ɓace, jaruma ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsan ƙafa a ƙasa. Aka sa biki.

Kada ku ɗauka ban gane ba. Wannan dabarar tawa ce. Da ita na sa yaran Mpape suka yi mini tankaɗe da wanke-wanke shekaru, in kai su inda kura ta buɗe baki in ce sai an gama aiki. Ban taɓa zaton za a ɗana mini tarkona in faɗa ido buɗe ba. Amma wanda ya san daɗin labari ya san ba a kwana da rabinsa.

Haka muka yi ta yi. Yau bakin ƙofa, gobe gindin bishiyar layi, jibi shagon mai shayi. A hanyar shagon na ji labarin bikin. Dangin amarya suka dafa abinci tuli suna taƙama, ango kuwa ya zo da mutane kaɗan, har aka fara yi masa gori. Sai ya ce a fara ba wani gajeren baransa mai tumbi. Gajere ya zauna ya share abincin gari kaf, ya ce ƙari. Da ƙishi ya taso masa ya shanye rijiyoyi, sai da ango ya sa hannu ya ɓullo da kogi, shi ne kogin da ya ratsa garin har yau. Na ce wa Kamala ta gaya mata wannan gajeren yana da dangi a Abuja, da kula suke zuwa biki. Pati ta yi dariya har dasashinta ya fito.

Abin da ya ba ni mamaki, labaransu suna da adireshi. Namu sai a ce wani gari, wani sarki, ba mai cewa kai ni in gani. Su kuwa sai a kama hannunka a ce ga inda aka ɗaura auren, ga tafkin, ga ginshiƙin. Sun ɗauke ni a keke mai ƙafa uku har titin da ya kewaye ɗakin bautar. Ciki ban shiga ba, ba su kuma matsa mini ba. Ina tsaye ina kallon masu ajiye takalma, sai na ji abu mai nauyi da ɗumi a kan ɗankwalina. Na ɗaga ido, giwa ce ta ɗora mini hanci, wai albarka take sa mini. Salatin da na yi, na tabbata an ji shi a Katsina. Madam ta ce ranar ce ta fara ganin na yi sauri.

Sai muka zo kan labarin da ya kusa raba mu. Pati ta ce wata shekara kogin nan ya yi ambaliya zai ci gari. Sarki ya yi shela kowane gida ya ba da namiji ɗaya a yi gayyar datse ruwa, kowa da yankinsa. To akwai wata tsohuwa mai sayar da wani abinci na garin shinkafa da ake turarawa, suna ce masa putu. Ba miji, ba ɗa namiji. Tana zaune tana kuka, sai ga wani saurayi da kwando da fartanya ya ce zai yi mata. Ta ce ba ta da abin biya. Ya ce ta ba shi wanda ya farfashe kawai, wanda ba mai saye. Ranar kuwa duk wanda ta sauke sai ya farfashe. Ya ci ya yi nak, ya je bakin kogi ya zuba kwando ɗaya, ya yi waƙa, ya yi rawa, ya tsokani masu aiki, ya nemi inuwa ya kwanta barci. Yankin kowa ya tashi, na tsohuwa ruwa na wucewa. Ga sarki kuma tafe da bulala.

Ni ce fa wannan. Na san ranar da aka ce kowane gida a layinmu na Mpape ya fito da namiji a gyara kwata, na fito ni kaɗai da tsintsiya ana kallona. Na kuma san gutsuren waina, wanda leburorin fasa dutse ke zagayowa su karɓa in rana ta yi.

Daidai nan idon Pati ya sauka kan ƙullin zanena. Ta ce kullum tana ganin ina yin wannan, na mene ne? Madam, da yake boko ya koya mata fassara dalla-dalla, ta ce muna yi ne in za a yi tatsuniya da rana. Pati ta ce mece ce tatsuniya? Ni kuma da bakina, cikin yabo wallahi, na ce, "Ƙarya mai daɗi, irin wadda ake yi wa yara. Kuma ban taɓa jin wadda ta iya ta kamarki ba."

Kamala ta fassara. Pati ta miƙe. Ta naɗe zarenta ta shige ciki. Kamala ta ce a hankali, "Mama, a wurinta wannan ya faru. Duk shekara tana zuwa wurin, uwarta ma a can ta roƙi haihuwarta."

Kwanaki baranda ba kowa. Ni ma na koma gado, gwiwa ta fara ƙagewa, likita ya dawo yana kaɗa kai, kuma wannan karon ba e yake nufi ba. Madam ta ce in ba ta haƙuri. Na ce haƙurin me? Ni Musulma ce, ba zan ce na gaskata ba don a ji daɗi. Amma da na kwanta na juya abin, sai na tuna matar nan tana jin kiran salla take yin shiru a tsakiyar zance har in idar, ba ta taɓa tambayata ko wanda nake yi wa sujada yana ji ba.

Wata safiya ƙamshi ya ja ni madafa, ni da Jaki. Me zan gani a kan wuta? Tanda. Tanda sak, mai ramuka, ta baƙin ƙarfe, Kamala na zuba ƙullun shinkafa mai tsami tana juyawa da tsinke. Na ce, "Matsa, 'yar nan." Na gyara ƙullun yadda na sani, na yanka albasa, na tsaya a kan ƙafata ina tuya. Hannu bai manta ba. Da na gama, na ware masu kyau na ba su Madam. Sauran na sa cokali na farfasa su da gangan, na zuba a ganyen ayaba, na kwance ƙullin zanena a gaban Kamala, na ce, "Kai mata. Ki ce tsohuwa mai waina ta biya lada, a zo a ƙarasa mata aiki."

Muna jiyo dariyar daga cikin ɗaki. Ta fito tana tauna da dasashi, ta dubi bakin zanena, ta dube ni. Ta ce ƙarshen wannan labarin ba a faɗarsa a gida. Sai a bakin kogi, inda abin ya faru.

Keke mai ƙafa uku ya ajiye mu a gindin wata ganuwar ƙasa mai tudu. Pati ta haye kamar akuya ta tsaya a sama. Na sa Jaki a gaba, ya ƙi hawa, ƙafafunsa na nutsewa a yashi. Daga can sama ta ɗaga murya, Kamala na fassarawa, Madam na miƙo mini: "Sarki ya zo ya tarar da saurayi yana barci. Ya ɗaga bulala." Nan ta yanke labarin.

Na ce, "Riƙe mini wannan dabbar." Na kama zanena na hau.

Da na kai, ta riƙe hannuna ta ƙarasa. Bulala ta sauka a bayan saurayi, sai sarki ya yi ƙara ya dafa nasa bayan. Fadawa suka ji ta, matan sarki suka ji ta, masu aiki, shanu, tsuntsaye, har jaririn da ke ciki. Duk mai rai ya ji zafin bulalar nan. Saurayi ya tashi ya zuba kwando ɗaya, ruwa ya tsaya cak, shi kuma ya ɓace. Sannan suka gane Shiba ne da kansa ya zo yi wa tsohuwa lebura a kan ladan gutsure.

Na tsaya ina kallon kogin, rabinsa ma yashi ne, mata na shanya wanki. Na ce wa Kamala, "Gaya mata ni da addinina, ita da nata. Amma ko waye ya fara ba da labarin nan, ya san zafin a ce fito da namiji ba ka da shi." Pati ta nuna Madam da haɓa ta yi magana. Wai ta ce, "Ke naki leburan ai bai yi barci ba." Madam ta juya baya tana neman wani abu a jaka. Ni kuma na duba ƙasa, can gindin tudu, na hango Jaki tsaye shi kaɗai.

Ranar da muka sauka Abuja, muna fitowa daga jirgi wani ma'aikaci ya turo keke ya ce, "Mama, zauna." Na ce ya riƙe shi da kyau. Na ɗora masa jakata da tandar ƙarfen da Pati ta ba ni, na ce ya wuce gaba. Laraba na bakin ƙofa da mata biyu 'yan shaida, kuma wallahi da tabarau ta zo. Ta leƙa keke ta ga tanda. Ta ɗago ta gan ni a baya ina takowa.

Ta ce, "Kande, ke ce?"

Na ce, "Sunan bai canja ba. Kin ce za ki taya turi, ga shi nan, kama."

Ta kuwa tura, har bakin mota. Wannan da kuka ji da rana tsaka na faɗe shi, ku dubi bakin zanena, babu ƙulli.